Na Kai Kanwa Dirku a Tsohon Jirgin Soja

Ranar da labarin ya zo mu biyar ne a gindin ɗorawar bayan gida, muna tsinkar gyaɗa. Akwai ni, Delu. Akwai ɗana Iliya, yana juye buhu. Akwai matarsa Rabi, mai koyar da yara a Islamiyya, ita ce kuma take rubuta wannan da nake faɗa. Akwai Talatu mai ƙuli, maƙwabciyata, wadda ta zo taya aiki amma bakinta ya fi hannunta sauri. Sai Kofur Ɗanladi, ƙanin marigayi maigidana, wanda ya yi soja a zamanin da, ya dawo da labari fiye da dukiya. Shi ba tsinka yake ba, ci yake.

Na kira sunayensu ne don su zama shaida. Tun da na dawo ba a bar ni na miƙe ƙafa ba. Gidan suna tambaya, gidan gaisuwa tambaya, wai da gaske ne na hau jirgin sama tare da awaki? Talatu ta riga ta kai maganar har Makoda, ta zuba mata gishiri har ya fi ƙarfin miya, wai na diro daga sama da laima. Shi ya sa na ce wa Rabi ta ɗauko alƙalami. In ta gama za ta karanta min, abin da ban faɗa ba ta kankare shi.

Wayar Iliya ce ta yi ƙara. Mamman Sani ne, mijin autata Saude, wanda yake da shago a Dirku, can cikin rairayin Nijar. Cikinta na fari ne, kamata ya yi ta zo gida goyon ciki, amma aka ce ba a ɗora tsohon ciki a kan motar Sahara. Iliya ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Ta sauka, an samu namiji. Amma ta zubar da jini da yawa, kuma ba ta..."

Sai shiru.

"Ba ta me?" in ji Talatu.

Layin ya yanke. Iliya ya kira, ya sake kira, ba ta shiga, har gyaɗar ta ƙare a gabanmu. Washegari ma haka.

Ƙanwata Asabe a jego ta rasu, a can Kurmi, cikin mutanen da ba nata ba. Ba mai ɗora mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunu. Tun ranar na ce in dai ina numfashi ba za a yi min haka da 'ya ba. Na shiga ɗaki na fara ɗauri. Babbar tukunyar ƙarfe, gero, yaji, daddawa, kuka, busasshen ganyen darbejiya da na runhu. Sai jar kanwa, wadda nake saye kaɗan-kaɗan a kasuwar Ɗambatta tun da na ji labarin cikin, har ta kusa cika buhu.

Iliya ba zai iya barin dawa a tsaye ba. Kofur ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce, "Yaya Delu, ni zan kai ki. Wace ƙasa ce ban taka ba?"

"Gonarka," na ce.

Amma na yarda, don tsohuwa ita kaɗai a hanya abin magana ce.

Babur ya kai mu Makoda, ni a baya rungume da tukunya. Daga nan bas, Ɗambatta, Kazaure, Daura, duk ƙasar da na sani ce, gona ta jingina da gona, ko yawu ka tofar a gonar wani ya sauka. A bakin iyaka aka sauke mu duka aka ce a kwance kaya. Wani ma'aikaci mai kaki, yaro ne da bai fi Iliya ba, ya buɗe ƙullin ganyen ya shinshina, ya dube ni.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ban je Makka ba tukuna. Darbejiya ce. Uwarka ba ta yi wankan jego ba da ta haife ka?"

Ya yi murmushi ya wuce kan robar yaji. Na ce masa kada ya sa hannu. Ya sa. Can ƙuda ya sauka masa a ido, ya kai hannun. Muka bar shi a bakin randa abokan aikinsa suna zuba masa ruwa suna dariya. Ni ban yi dariya ba. Na dai gaya masa.

A Damagaram muka kwana a tasha, kan tabarmar haya. Hausa suke yi kamar mu, sai dai tana da wani lanƙwasa, kuma kowa da ladabi. Abin da ban gane ba burodinsu ne, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi. Kofur ya ce haka Turawansu suka koya musu. Na jiƙa nawa a shayi har ya yi hankali.

Bayan Tanut gonaki suka fara nisa da juna, sannan suka ɓace. Na yi ta leƙe ta taga ina neman iyakar gonar wani, ko da jerin gamba ne ko aduwa, ban gani ba. Na tambayi mutumin da ke gefena ƙasar nan ta wace ce. Ya ce ta Allah ce. Na ce tamu ma ta Allah ce, amma kowane taku da mai shi. Duk inda mota ta tsaya sai na ce wa Kofur ya gwada lambar Mamman Sani. Har ya gaji ya daina gaya min, sai dai ya girgiza kai.

A Agadas muka sauka gidan Hajiya Tamo, gwaggon Mamman Sani. Mace ce mai fara'a, fara, doguwa. A garin nan maza ne suke rufe fuska, mata suna yawo da tasu a buɗe. Mijinta ya gaishe ni, idanunsa kawai na gani, har na bar gidan ban san ko yana da haƙora ba. Ta kawo mana fura da aka dama da cuku da dabino. Na sha ina shirin kushewa, ban sami abin kushewa ba. Shayinsu kuwa a ɗan ƙaramin kofi yake, ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha zagaye na uku. Mutum yana da mai jego a gaba a ce ya zauna jiran shayi.

Ita ma ba ta ji komai daga Dirku ba. Ta ce wayar garin gaba ɗaya ce ta ɗauke. Sannan ta gaya min abin da ban so ji ba. Manyan motocin Dirku ba sa tafiya ɗai-ɗai, ayari suke yi da rakiya, kuma ayarin ya riga ya tashi. Na gaba sai wani makon, tafiyar kanta kuma kwanaki ce a cikin rairayi.

"Sai dai jirgin albasa," in ji mijinta daga bayan rawani.

Ya ce wani attajiri ne ya sayi tsohon jirgin soja, yana dakon kaya zuwa Dirku, albasa da fulawa da dabbobi, in akwai wuri a sa mutum. Gobe zai tashi. Kofur ya gyara zama.

"Jirgin soja? Mai buɗewa ta baya? Yaya Delu, na san shi kamar yunwar cikina. Akwai fitila biyu a bakin ƙofa. In ja ta kama, a shirya. In koriya ta kama, sajan ya buɗe ƙofa, kowa ya yi tsalle. Wanda ya yi nawa a sa masa ƙafa."

"Kai sau nawa ka yi tsallen?"

"Ni a ɓangaren girki nake. Amma na gani da idona."

"Ka ji tsoron Allah, Ɗanladi."

Na nuna masa ban yarda ba. Amma na ajiye maganar a inda nake ajiye abubuwa.

Da safe Hajiya Tamo ta leƙa kayana. Da ta ga buhun kanwa sai ta kama baki. Ta shiga ciki ta sa aka jawo buhun gawayi ta ce, "Yaya, bar kanwar nan ki tafi da wannan. Dirku ba kanwa suke nema ba, wuta suke nema."

Na dubi tukunyar gas ɗin da take girki a kai. Na ce a raina, macen da ba ta san hayaƙi ba ita za ta koya min jego? Na yi godiya, na karɓi gawayin, kanwata ma ban bari ba.

Jirgin albasar a can gefen filin jirgi yake tsaye, nesa da 'yan uwansa masu ƙyalli. Ƙato ne, mai tumbi, cikinsa ya kusa taɓa ƙasa, fanka biyu a kowane fiffike. An shafa masa farin fenti amma ya ɓaɓɓare, koren soja yana leƙowa ta ƙasa. Bayansa a buɗe, ƙofar ta sauko kamar gada, 'yan dako suna hawa da buhuna. Kofur da ya yi ta surutu tun daga gida sai ya yi tsit. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen, ya daɗe.

"Irinsa ne ya kwashe mu," ya ce. "Mun cika shi da tafiya. Da dawowa kowa ya miƙe ƙafa."

Ban tsokane shi ba a wannan karon.

Mai kula da lodi wani baƙin dattijo ne gajere, ana ce masa Shef Gambo. Gabansa sikeli ne irin na masu sayen gyaɗa. Ya auna tukunya, ya auna gero, sannan ya nuna min sikelin da haɓa.

"Inna, bismilla."

"Ni? Ka ga na yi kama da buhu?"

"Jirgi bai san girma ba, Inna, nauyi ya sani."

Na hau. Ni Delu, aka auna ni a gaban maza. Ya duba, ya ce wurin da ya rage na mutum ɗaya ne, baban nan sai dai ya jira wani zuwan. Ban taɓa ganin namijin da aka hana abu fuskarsa ta yi haske irin ta Kofur ba. Yana cewa "kash, kash" yana ja da baya.

"Kuma buhu ɗaya zai sauka," in ji Shef Gambo. Ya zura hannu a nawa ya ɗebo. "Kanwa? Kanwa za ki kai Dirku?"

"Kunun mai jego da ƙasa ake dama shi a garinku?"

"Inna, ki ji maganata, ɗauki gawayin."

"Na yi jegon 'ya'ya da jikoki kafin ka san hanyar filin jirgi. Sa min kanwata."

Ya ɗaga kafaɗa ya sa. Gawayin ya koma wajen Kofur.

Ciki ba kujera irin ta bas. Wata jar raga ce aka saƙa a jikin bango, a nan ake zama, gwiwa tana taɓa buhun albasa. A ƙasa akwai zobban ƙarfe a jere, a jikinsu aka ɗaure awaki. Sama da kanmu wata doguwar waya ce ta bi tsawon jirgin, mutane sun rataya ledojinsu da butoci a kai. Mu fasinja ba mu da yawa. Matuƙan wasu tsofaffin Turawa ne biyu, ɗaya da silifa a ƙafarsa. Silifan nan bai kwanta min ba. Na duba bakin ƙofa. Fitila biyu suna nan, yadda Kofur ya faɗa.

Shef Gambo ya bi mu da auduga wai a toshe kunne. Na ƙi, na ce ina son in ji abin da ake ciki. Da fankokin suka tashi sai na miƙa hannu da kaina. Injin niƙan garinmu in an tara goma ba su kai shi ba. Komai yana rawa, haƙorana, tukunyata, awakin suna ta zuba kashi yana gangarowa wajen ƙafafunmu. Ƙofar baya ta rufe. Na karanta duk abin da na iya, na sake daga farko. Da jirgin ya rabu da ƙasa sai na damƙe ragar da hannu biyu. Wata magana ta yi ta zo min, wai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, ina korarta tana dawowa.

Kowa ya rufe ido, wasu har da barci. Ni idona yana kan fitilun nan. In na gaji sai na tuna da Saude, da kalmar da Mamman Sani bai ƙarasa ba. Ba ta ci? Ba ta magana? Ba ta gane mutane? Sai na mayar da idona kan fitila, don ta fi sauƙin kallo.

Muna tsakiyar sama koriyar ta kama.

Ba ja, ba gargaɗi. Shef Gambo ya ɗaga kai ya gan ta, ya kwance ɗamararsa, ya miƙe ya nufi wajen ƙofa. Ban san lokacin da hannuna ɗaya ya sarƙe cikin raga ba, ɗayan kuma ya cafki bel ɗin wandonsa.

"Wallahi ba mai buɗe ƙofar nan! Ina da mai jego a gaba!"

Bai ji ba saboda ƙara. Ya ja, na ja. Ni da nake ɗaga turmi, ba shi zai ƙwace a hannuna ba. Ya cire abin kunnensa ya sunkuyo, na sake faɗa masa a cikin kunne, na nuna fitilar. Ya dube ni, ya dubi fitilar. Sannan ya miƙa hannu bayan wani buhu a gefen ƙofa ya jawo fulas ɗin shayi da kofuna biyu.

Dariya ya yi har ya zauna kan albasa. Na sake shi. Na gyara mayafina.

Da ya kai wa matuƙan ya dawo, ya miƙo min kofi, ya zauna kusa da ni yana magana da ƙarfi a kunnena. Ya ce wanda ya gaya min bai yi ƙarya ba. Da can in fitilar nan ta kama, samari ne suke maƙala igiyarsu a wayar da ke samanmu su fita ɗaya bayan ɗaya. Yanzu babban Baturen ne yake kunna ta in yana son shayi, don ba a jin kira.

"Ni ma soja ne da, makaniken irinsa," ya ce. "Da suka gama da ni suka sallame ni, shi ma nasa sojojin suka sayar da shi. Ni da shi duk 'yan fansho ne. Ya ɗauki sojoji, ya ɗauki bindigogi a zobban nan da kike gani. Da ya bar kaki ya ɗauki hatsi shekarar yunwa, ya ɗauki kifi a wata ƙasa har yau in an yi zafi yana tuna mana. Ya ɗauki injin rijiya, ya ɗauki amarya da gadonta. Yanzu ga mu a albasa."

"Bai tsufa da wannan wahalar ba?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, Inna. Ke ba ga ki ba?"

Na harare shi. Sai ya ce abin da ya sa na ajiye kofin. Ya ce in ciwo ya fi ƙarfin asibitin Dirku, su ake jira. Nan tsakiya ake shimfiɗa mutum a ɗaure gadonsa a zobban, a kai shi Agadas.

"Ka ɗauko wata mai jego kwanan nan? Bakanuwa, siririya, mai wushirya?"

Ya yi tunani. "Zuwanmu na baya wani direba muka ɗauko da karaya. Ban ɗauko mace ba."

Na kasa sanin inda zan ajiye maganar. Ko ba ta kai ga haka ba, ko kuma ba ta jira jirgin ba. Na dubi zobban nan, na dubi awaki. Shef Gambo bai ce min komai zai yi daidai ba, kuma na ga girmansa da bai faɗa ba. Ya dai ƙara min shayi.

Saukar ta fi tashin muni, amma mun sauka. Ƙofar baya ta buɗe, zafi ya shigo kamar an buɗe tanda. Na fito. Abin da na fara gani a gefen fili tsibi ne, tsibi bayan tsibi, wani a buhu wani a zube, ya fi rumbunan unguwarmu tsawo. Na matsa na ɗauki ɓari na lasa. Jar kanwa. Irin tawa sak. A nan ake haƙo ta, daga nan take zuwa Ɗambatta.

Shef Gambo ya sauke buhuna a gabana da kansa.

"Inna, kanwarki ta zo ganin gida."

Na gyara mayafina na nemi mai ɗaukar kaya.

Wani mai amalanken jaki ya san shagon Mamman Sani Bakano, ya kai ni gidan. Tun daga nesa nake duba ƙofar. Ba tabarmi a waje, ba butoci a jere, ba maza a zaune sun sunkuyar da kai. Na shiga zaure na tsaya. A igiyar tsakar gida akwai tsummokin jariri, kusa da su zanin da na saya mata da hannuna, yana ɗiga. Sannan na ji murya daga ɗaki tana cewa a miƙo mata ruwa.

Tana zaune a bakin ƙofa ta jingina da bango. Ta rame, leɓenta ya yi fari, amma dabino take ci.

"Inna!"

"Wa ya ce ki zauna a bakin ƙofa ba ɗankwali, iska tana dukanki?"

Abin da na ce ke nan. Daga nan na zauna a ƙasa inda nake, ta rarrafo ta sa kanta a cinyata. Rabi, rubuta cewa na yi kuka. Sau ɗaya ne, kuma Talatu ba ta wurin.

Jaririn yana hannun wata tsohuwar Batubiya, 'yar ƙabilar Tubawan yankin, maƙwabciyarsu, baƙa, busasshiya kamar ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Saude ta ce ita ce ta tsaya a kanta, ta sa aka kai ta asibiti aka tsayar da jinin, ita take ba ta nonon raƙumi da dakakken dabino da man shanu, tana turara ta safe da yamma. Na karɓi yaron na duba cibiya, na duba bayan kunne da matsematsi. Tsaf. Na dubi matar, ta dube ni. Na gyaɗa mata kai, ta gyaɗa min.

Mamman Sani ya shigo a guje ya durƙusa. Na ce ya ƙarasa min maganar da ya fara. Ya sosa ƙeya ya ce, "Cewa zan yi ba ta son a tayar miki da hankali, Inna."

Na bar shi a durƙushe na ɗan lokaci. Sannan na ce ya nuna min itacen wanka.

A wurinmu tun ciki yana wata bakwai miji yake tara itace, har ya yi tsibi a bayan ɗaki, don kowa ya san ruwan jego safe da yamma ne har arba'in. Ya kai ni kicin ya nuna min 'yar tukunyar gas da damin busassun rassan dabino. Ya ce a garin nan ba a sare dabino, wani icen kuma babu, gawayi sai an kawo daga Agadas kuma ya yanke a kasuwa. Na kafa duwatsu, na ɗora tukunyata, na cusa rassan. Suka yi bal-bal kamar abin kirki, suka mutu. Na sa yatsa a ruwan, ko sanyinsa bai fita ba.

Na zauna a kan buhun kanwata. Na keta ƙasa biyu, na hau sama, na riƙe wandon mutum, na zo na iske 'yata da rai, kuma ba zan iya tafasa mata ruwa ba. Fuskar Hajiya Tamo ta yi ta zo min, da buhun da na bari a hannun Kofur.

Rana ta yi sanyi, ana shirin magariba, sai aka yi sallama. Mai amalanken nan ne. Ya fara sauke katakai a zaure, fasassun akwatunan kaya da irin allunan da ake jera buhu a kai a cikin jirgi, busassu ƙayau, wasu da rubutu a jiki. Ya tara su har suka kai ƙugu.

"Daga wa?" na ce.

"Shef Gambo. Ya ce duk zuwan jirgi za a kawo wasu, kuma zai taho da gawayinki. Ya ce kuma a gaya wa Inna fitila ta yi kore."

Saude ta ce, "Wace fitila, Inna?"

"Ba ruwanki. Shiga ciki."

Na yi arba'in ɗina a can, wuta ba ta yanke min ba ko sau ɗaya. A jirgin nan na dawo, zaune kan buhun dabino, kuma da koriyar ta kama ni na miƙa wa Shef Gambo fulas ɗin. Kofur na iske shi a gida ya riga ni, yana ba mutane labarin yadda ya so ya hau aka hana shi. Amma ba nan nake so a tsaya ba. A tsaya a washegarin isata.

Da na idar da sallar asuba na fito da katakan. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa na tara su a gwangwani, don ba a zubar da ƙarfe. Na faskara, na hura. Wutar ta kama da ƙarfinta, tana ɗan warin albasa. Ruwa ya tafasa har murfi yana rawa, na zuba darbejiya da runhu. Batubiyar ta shigo ta kai hannu kusa da tururin, ta janye, ta yi wata magana da ƙarfi. Na sirka yadda ya kamata, na kama hannunta na tsoma. Ta gyaɗa kai, sannan ta je ta riƙe min yaron. Na yi wa Saude wanka tana "Inna a hankali" ina "tsaya nan". Na dama kunu, kuma da tawa kanwar na dama, ta Ɗambatta.

Tana cikin sha sai ƙasa ta fara rawa, ƙarar jirgin ta taso daga wajen fili ta bi ta kan gidan. Ban ɗaga kai ba, ruwan jariri yana gabana. Na dai ce Allah ya sauke shi lafiya, shi da albasarsa, na ƙara katako ɗaya a wuta.